Sitek mai tsada ko abincin pub mai araha: yadda zaka gane inda kwalliya zata biya kuɗin sabulu

A Ingila abu ɗaya zaka gani a rubuce a menu guda biyu, sitek da cips, wato gasasshen yankan naman sa da soyayyen dankali, amma a pub ɗin unguwa, wato mashayar da ake sayar da abinci, ace maka fam 15 ko 18, ka shiga wani gidan sitek a tsakiyar Landan ace fam 40 da wani abu kuma naman ne tsurarsa a faranti, ko dankali ɗaya babu sai ka siya daban. Dole mutum ya tambayi kansa, wai bambancin nan a jikin naman yake ko kuwa kuɗin kujera da fitila ake cajinsa? Duka biyun akwai, kuma ana iya rabe su tun kafin ka zauna in ka san abin da zaka duba.

Amma kafin ka duba gidan abincin, kanka zaka fara dubawa. Ya kake son namanka? In kai mutum ne wanda da ka yanka nama ka ga ja-ja a ciki ranka ze ɓaci, sai ya gasu ciki da waje yayi ruwan toka sannan hankalinka ze kwanta, toh malam riƙe kuɗinka. Ba raina ɗanɗanonka nayi ba, lissafi ne kawai. Abin da ake biya a nama mai tsada taushi ne da ruwan da ke cikinsa, su biyun nan kuma zafi ne ke korarsu. In tsakiyar naman yana wajen digiri 50 zuwa 52 shi ne wanda suke kira reya, 54 zuwa 57 midiyom reya, 60 zuwa 63 midiyom, daga 70 zuwa sama kuma weldon. Da zarar ya wuce 60 tsokar zata fara tsukewa tana matso ruwanta waje, kafin ya kai 70 wlh yankan fam 45 da na fam 15 sun kusa zama ɗaya a baki, sai dai kace ɗayan a wurin da ake kunna kyandir ka ci shi.

Shi kuma jan ruwan nan da ke sa mutane da yawa ƙyanƙyami ba jini bane fa. Jini tun wurin yanka yake fita, wannan ruwa ne da ya haɗu da wani sinadarin cikin tsoka mai suna mayogulobin, shi ke ba nama launinsa, shi ya sa naman sa yafi na kaza ja. Ƙwayoyin cuta kuma a dunƙulallen yanka a bayansa suke zama ba a ciki ba, in wuta ta ci wajen da kyau shikenan. Boga ce dai ba haka ba tunda niƙa naman akai waje ya koma ciki, ita dole ta dahu har tsakiya, haka mai juna biyu ma shawarar da likitocin can ke bata ta ci nama wanda ya dahu sosai. In zaka iya saukowa ko zuwa midiyom ne, toh daga nan maganar tsada ta fara ma'ana, mu ci gaba.

Abu na farko da kuɗin ke siya shi ne daga ina aka yanko. Filet shi yafi kowa tsada, wata doguwar tsoka ce a ƙarƙashin ƙashin baya wadda kusan bata aikin komai tsawon rayuwar san, shi ya sa take da taushi kamar me, kuma guda biyu ne kacal a jikin sa ɗaya, kowacce bata wuce kilo biyu zuwa uku ba a dabbar da bayan fiɗa namanta ke haura kilo 300. Kaga tsadarsa ta ƙaranci ce da taushi, ba ta daɗi ba, dan a gaskiya filet bashi da kitse kuma ɗanɗanonsa be kai na sauran ba, shi ya sa kullum zaka ga an haɗo shi da sos. Ribai daga saman haƙarƙari yake, kitse a warwatse cikin tsokar, ni a ganina shi ne yankan da yafi cancantar a biya masa kuɗi, kuma shi ne mai haƙuri, ko an ɗan zarce wurin gashi kitsen ze rufa asiri, saboda haka in baka son ja sosai ribai midiyom zaka ce. Saloyin na gadon baya ne, kitsensa a gefe ɗaya kamar ɗamara, tsaka-tsaki a komai. Ramp kuma na ƙugu ne wurin da ke aiki kullum, yafi tauri yafi araha amma yana da ɗanɗanon nama sosai, shi zaka fi gani a ƙasan farashi a pub.

Na biyu, kuma nan ne ainihin inda gidajen tsada ke da hujja, yadda aka ajiye naman bayan yanka. Naman sa ba'a gasa shi sitek ranar da aka yanka, sai ya ɗau kwanaki a sanyi wasu sinadaran da ke cikin tsokar da kansu sun sassauta ta. Hanya biyu ake bi. Akwai a zuba yankan a leda a zuƙe iskar a sa a firij, wannan ita ce ta kowa da kowa, naman ze yi taushi kuma nauyinsa kusan baya raguwa dan ledar ta hana ruwansa bushewa. Akwai kuma a rataye shi ko a jera shi a fili cikin ɗakin sanyi, zafin ɗakin be wuce digiri 1 zuwa 3 ba, fanka na kaɗa iska, sati uku sati huɗu wani har ya haura kwana 40. A nan ruwa ke fita daga naman a hankali ɗanɗano ya tattaru wuri ɗaya, ya samu wani garɗi da ƙamshi mai zurfi da na leda baya samu ko ze shekara, bayansa kuma ya bushe yayi baƙi dole mahauci ya fere ya zubar. Tsakanin ruwan da ya tafi da abin da aka fere ana iya asarar kwata ko fiye na nauyin da aka siya, ga kuɗin wuta ga wuri ga jarin da aka daskarar wata guda, wa kake ganin ze biya? Kai ne. Amma aƙalla wannan kuɗin a bakinka zaka ji shi.

Toh ga inda ake wa mutane wayo. Menu ze rubuta maka an ajiye naman kwana 28, ya tsaya nan be ƙara komai ba, kai kuma ka ɗauka irin na ratayen ne. Sau tari na leda ne, dan wanda ya sha wahalar busarwa baya ɓoyewa, da manyan baƙi ze rubuta, wasu ma firij ɗin gilashi suke ajiyewa a bakin ƙofa kowa ya gani. Kwana 28 a leda ba laifi bane, pub ɗin fam 17 ma shi yake baka, laifin ace fam 40 zaka biya akansa.

Na uku kauri da wuta, kuma su biyun tare suke tafiya. Ɓawon nan mai ruwan ƙasa da ke bayan sitek wanda ƙamshinsa ke tsinka miyau, zafi ne ke haɗa sinadaran gina jiki da ɗan sukarin da ke jikin naman, wani masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ne ya fara bayanin abin a 1912, kuma baya kankama sai zafin bayan naman ya haura digiri 140, wato sai ruwan waje ya ƙone tukun. Yanzu ka ɗauki yanka siriri wanda kaurinsa be kai santimita biyu ba, kafin wajen yayi ɓawo cikin ya riga ya wuce, in kuma kuku ya sauke da wuri dan kar cikin ya wuce sai wajen ya fito fari fat kamar dafaffe. Ba gwanintar da zata gyara wannan. Gidan sitek na gaske yankansa santimita uku ne zuwa sama, kuma wutarsa ba irin ta gida bace, wasu gawayi ne zalla wasu kuma irin murhun gawayin nan mai murfi na kamfanin Josper daga Sifaniya, sannan akwai mutum ɗaya da ba shi da aikin komai daren nan sai tsayuwa akan nama. A pub mai cika kuwa kuku ɗaya ne ke juya sitek ɗinka yana leƙa kifi a mai yana haɗa boga shida, in yazo maka daidai ka gode Allah.

Waɗannan ukun su ne naman. Duk abin da ya hau kai bayan su ba nama bane, hayar gini ce a unguwar masu kuɗi da albashin weta da labule. Ba haramun bane ka biya su in zaman kake so, ranar murna ce ko baƙo kake son karramawa, iya kuɗinka iya shagalinka, amma ka san abin da kake siya. Ka tuna lokacin da Nusret Gökçe wanda aka fi sani da Salt Bae ya buɗe gidansa Nusr-Et a Landan a 2021, mutane suka dinga ɗora rasit a intanet na naman da aka naɗe da fallen zinare na ɗaruruwan fam. Zinare bashi da ɗanɗano ko kaɗan, hoto aka siya.

Sai lissafin bil, dan kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada farashin sitek da farashin sitek. Bari mu ɗauki misali. Ace naman fam 42 ne, cips 6, ɗan ganye 6, sos 4, lemo 5, ka tashi 63, sai a ƙasa ka ga an ƙara kashi 12.5 cikin ɗari na hidima wanda kusan duk gidajen zama a Landan ke sawa, ka koma kusan fam 71 kai kaɗai. A pub fam 17 ɗin nan da cips ɗinsa yake zuwa da koren wake da gasasshen tumatir wani lokacin har da soyayyiyar albasa, ka ƙara lemo 3 ka tashi 20, ba wanda ke jiran tukuici. Ashe 71 da 20 ake gwadawa ba 42 da 17 ba. Harajin VAT kashi 20 yana cikin farashin duka biyun tun asali. Kuɗin hidimar in an rubuta na ganin dama ne kana da ikon cewa a cire, sai dai tun watan Oktoba 2024 doka ta tilasta duk abin da aka karɓa da sunan tukuici ko hidima ya tafi hannun ma'aikata, in sun maka aiki da kyau ka bar musu abinsu. Ruwa kuma kace na famfo kake so, duk wurin da ke da lasisin sayar da giya dole su baka kyauta, in kayi shiru na kwalba za'a kawo a saka a bil.

Ka kula da nauyi ma. A pub da oza ake rubutawa, oza 8 giram 227 kenan, oza 10 kuma wajen 283, kuma nauyin ɗanyen ne kafin ya hau wuta, abin da ze iso gabanka ya ragu da kusan kwata. A manyan gidaje akwai tarkon da yafi wannan, manyan yanka irin su tibon da tomahok da shatobiriyan ana rubuta farashinsu akan kowane giram 100 ne, ka hango fam 11 kace kai ashe da sauƙi, a kawo maka mai giram 900 ka ga 99. Kuma ƙashin ma an auna shi a ciki, tomahok ɗin nan mai dogon ƙashi kamar gatari ribai ne kawai da aka bar masa haƙarƙarinsa dan yayi kyau a hoto. Ka tambayi nauyin da kuɗin gaba ɗaya kafin kace eh, yawanci suna rubuce a allo, kuma irin waɗannan na mutum biyu ne ko uku.

Sunayen shanu kuma kar su ruɗe ka sosai. Aberdeen Angus asalinsa daga Sikotlan ne kuma nama ne mai kyau, amma a kasuwar can sau da yawa uban kawai ne Angus uwar wata iri ce daban, ga shi yanzu ko a bogar kan hanya zaka ga sunan. Wagyu shanun Japan ne, mafi daraja a ma'auninsu A5, Kobe kuma sai wanda aka haifa aka yi kiwo a lardin Hyogo daga jinsin Tajima, kitse ne fal har naman yayi fari-fari, 'yan yanka kaɗan ake ci ya ishi mutum, in ka ga wagyu da arha toh ruwa biyu ne aka haɗa da wani jinsin a wata ƙasa. A Amurka gwamnati na da ma'aunin kitsen cikin tsoka, Prime a sama sai Choice sai Select, Birtaniya kuwa ma'aunin mayankarta siffar dabbar da kitsen bayanta yake dubawa ba na cikin tsoka ba, saboda haka ba wani hatimi da ze faɗa maka komai akan abin da ke faranti, bakinka ne ze maka aiki. Ka tambayi weta daga ina naman yake, a rataye aka busar ko a leda, akan me ake gasawa. Inda suka san abin da suke yi kafin ka rufe baki ya baka amsa har da ƙari, wani ma ya ɗauko ɗanyen yankan ya nuna maka. In yace bari ya tambayo kicin ya dawo yana inda-inda, toh ka samu amsarka, ka ci wani abin daban ko ka ci mafi arha.

Yanzu pub. Ga wanda be saba ba, mashayar unguwa ce da ake sayar da abinci, yawanci ba wanda ze zo teburinka, kai zaka duba lambar tebur ka je kanta kayi oda ka biya nan take, ko ta manhajar waya a manyan kamfanoni. Sitek mai araha ga talaka ba sabon abu bane a ƙasar, tun shekarun 1950 wasu 'yan uwa biyu Frank da Aldo Berni suka fara gidajen Berni Inn a Biristol, su suka koya wa ma'aikacin Ingila fita cin sitek da cips ranar hutu. Wetherspoon da Tim Martin ya kafa a 1979, mai rassa wajen 800, ya shekara da shekaru yana rangwamen sitek duk ranar Talata, amma a 2025 ya cire sitek daga menu ɗinsa saboda ba riba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa naman sa ba abin da ake iya sayarwa da arha bane ba tare da an rage wani abu ba, ko kauri ko yankan ko ajiyar. Wani wurin ma inji ake sawa mai allurai ya huda naman dan ya karya taurinsa, irin wannan kuma gara ya dahu har ciki tunda alluran sun tura abin da ke waje zuwa tsakiya.

Kowa ya sayi rariya ya san zata zubda ruwa, in ka siyi sitek ɗin fam 15 ka ji kamar kana taunar silifas kar kayi fushi da kowa. Dabarar pub ita ce kar ka nemi abin da basu iya ba. Manyan kamfanonin pub da yawa daga wata cibiya ake kawo musu abinci a shirye su ɗumama, abin da aka dafa a hankali na awanni kuma ɗumame baya ɓata shi wani ma ƙara masa daɗi yake, irin fai ɗin nama, wato naman da aka rufe da kwaɓin fulawa aka gasa, da ƙaurin rago da miyar kori da farfesun nama mai kauri, a nan fam 12 zuwa 15 ɗinka ze maka aikin da ze baka mamaki. Kifi da cips ma in wurin na da ciniki man na da zafi ba ruwanka. Ranar Lahadi kuma gashin Lahadi, babban dunƙulen nama ake gasawa a obin a yayyanka a haɗo da dankali da kayan lambu da romo da fankasun nan nasu na Yokshaya, ka je da wuri tsakanin sha biyu da biyu kafin ya bushe a ƙarƙashin fitila. In kuma lallai sitek ɗin kake so, ka ɗauki ramp ko ribai mafi kauri da suke da shi kace midiyom, filet a pub mai arha asara ce biyu.

Ba kowane pub ne mai arha ba fa. Tun da aka buɗe The Eagle a titin Farringdon a Landan a 1991 aka samu irin waɗanda abinci ne gaba giya a baya, har The Hand and Flowers na Tom Kerridge a garin Marlow ya zama pub na farko da ya samu tauraron Michelin biyu, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci. Tsakanin wancan da na kamfani akwai ƙananan pub masu zaman kansu musamman a ƙauyuka da ke siyan nama wurin mahaucin garin, kuma sau da yawa nan ne zaka ci sitek mai kyau da kuɗi tsaka-tsaki. Alamar gane su menu gajere, abinci goma sha wani abu, an rubuta da alli ko a takarda ɗaya mai kwanan wata, an ambaci gonar ko mahaucin. Menu mai shafi shida da hotuna, daga fiza har kori har nodul, wannan firiza ce ke magana. Ka kuma duba koren sitikan tsafta a ƙofa mai lamba daga 0 zuwa 5, a Wels da Ailan ta Arewa dole ne a manna, a Ingila ganin dama ne amma yana shafin hukumar kula da abinci a intanet, Sikotlan tsarinta daban ne. Tsafta kawai yake aunawa ba daɗi ba.

Ga mai kiyaye halal akwai ƙarin aiki, kuma ya shafi ɓangaren biyu ba pub kaɗai ba. Maganar shiga wurin da ake shan giya wannan tsakaninka da malaminka ne, ni abin da ke kicin zan faɗa maka. Naman yawancin pub ba yankan halal bane, kuma ƙarfen gashi ɗaya ne ake ɗora sitek da gamon da bekon da sosej, duk naman alade, haɗin gashin nan da ake cika faranti da nama kala-kala kusan kullum da alade a ciki, baƙin fudin kuma da jini ake yinsa. Fai ɗin naman da na yaba ɗazu wanda yafi shahara da giyar el ake dafa shi, kifin ma sau tari da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma shi, sos ɗin masoro akan sa masa giyar burandi, romon manyan gidaje kuma jan giya ne tushensa. Saboda haka a pub abin da ze rage maka kifi in ka tambayi kwaɓin, ko korin kayan lambu, ko gasasshen dankali da cuku da wake. A gidajen tsada wasu na da yankan halal in ka kira ka faɗa tun kafin ranar, amma ka tambaya ko a wuta ɗaya ake gasawa. Akwai kuma gidajen sitek na halal zalla a Landan da Bamingam da Mancesta da Biradfod, ka duba takardar shedarsu daga hukumomin tantance halal irin su HMC da HFA, HMC basa karɓar dabbar da aka sumar kafin yanka, HFA kuma suna karɓar wani nau'in sumarwar, kowa da wanda ya natsu da shi. Amma tambarin halal baya sa nama taushi, tambayoyin nan na ajiya da kauri da wuta su ma ka yi musu.

Wurin da ni nake ganin an fi asarar kuɗi ba sama bane ba ƙasa ba, tsakiya ne, gidajen da zaka biya fam 28 ko 30 wuri yayi kyau an rage fitila an baka wuƙa mai ƙotar katako amma naman na leda ne siriri irin na pub. In aljihunka tsakiyar yake akwai hanya biyu da suka fi. Ɗaya ka nemi yankan da bashi da suna amma yana da daɗi, kamar filat ayon na allon kafaɗa wanda binciken jami'o'in Nebraska da Florida a Amurka ya fito da shi, in an cire jijiyar da ta ratsa tsakiyarsa filet ne kawai ya fi shi taushi, akansa gidan Flat Iron ya fara a Landan a 2012 yana sayarwa fam 10 a saman wani pub. Babet da ongile ma haka, sai dai su basa son wuce midiyom kuma a gicciye ake yanka su. Ɗayar kuma ka je babban gidan da kake sha'awa amma da rana ko da yamma kafin cunkoso, da yawansu irin su Hawksmoor da ya fara a 2006 suna da menu na musamman a lokutan nan, kicin ɗaya wuta ɗaya, yankan ne ƙarami ko ramp maimakon ribai, kuɗin ya sauko sosai. In baka taɓa cin busasshen nama irin na ratayen ba ta nan ya kamata ka fara, in ka ji bambancin be dame ka ba ka huta da sha'awar gaba ɗaya da kuɗi kaɗan.

Ranar da ka biya mai tsadar, da an ajiye farantin ka yanka shi a tsakiya ba a gefe ba, gefe kullum yafi dahuwa. In be kai yadda kace ba ka kira weta nan take a mayar wuta, minti biyu ne, in kuma ya zarce ba gyara sai dai a sake wani, kuma gidan kirki ze sake ba musu dan cikin abin da ka biya har da wannan. Kar ka cinye rabi sannan kace be yi ba. Loma ta farko ka ci ba sos, gishiri kawai, in naman na buƙatar a lulluɓe shi kafin ya ciwu toh ba na wannan kuɗin bane. In ka ga ruwa ya malale faranti tun kafin ka sa wuƙa ko da ka yanka ya tsiyaye gaba ɗaya, ba'a barshi ya huta bayan sauke shi bane.

Wanda kuma naman kawai yake so ba zaman ba, mahauci ne amsarsa. Kuɗin sitek ɗaya a babban gida ze siyo maka ribai biyu masu kyau na rataye, kace a yanka maka kaurin santimita uku ko fiye, ka goge ruwan jikinsa tas da tishu ka barbaɗa gishiri, kaskon ƙarfe mai nauyi ya ɗau zafi har ya fara hayaƙi, ɗan mai kaɗan, ka dinga juyawa duk minti ɗaya, ka buɗe taga dan ƙararrawar hayaƙin gidajen can bata da haƙuri. Ma'aunin zafi na soka wa nama be fi fam 10 zuwa 15 ba kuma shi ne ze hana ka zato, ka sauke yana saura digiri uku ko huɗu ya kai inda kake so dan ze ci gaba da hawa bayan an sauke, ka barshi minti biyar akan katako kafin ka yanka.